Rasuwar Loko, Mai Riƙon Muryar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma godiya ga Ubangiji mai bayarwa mai karɓa, ni Wilfred Andrawus na kwatas ɗin reluwe, Kafanchan, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar 'yar kwamfutata ta ɗorawa a cinya, Loko. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin daminar nan ta 1999, ta tafi da amanar da ba ta da na biyu: muryar mahaifina.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya. Romanus mai kayan lantarki a bakin kasuwa ne ya kawo ta daga Legas cikin gwanjo, ya rantse wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, ran Lahadi kawai take kunnawa. Tabon shayi da ke jikinta ya nuna Baturiyar tana da Lahadi da yawa. Manhajar da ta zo da ita ta riga ta ruɓe, sai ɗan kawuna Leonard mai karatu a Zariya ya kawo mana Linux, wadda kyauta ce, kowa kuma yana iya buɗe cikinta ya gyara. Faifai ne cike da leda. Marigayiya ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwayar zazzaɓi, tana gama na ƙarshe bakin faifanta ya mutu. Tun daga ranar, abin da ya shiga cikinta ba shi da hanyar fita.

Da ta nemi suna, Baba ne ya raɗa mata. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya ce nishin fankarta irin na loko ne, wato injin jirgi, yana hawan tudun Kagoro da kaya.

Za mu tuna ta da gaskiya da taurin kai. Ba ta aiki sai an rubuta mata, ka kuskure harafi ɗaya ta ce ba ta san ka ba. Batirinta ya mutu tun a Turai, don haka ta yi rayuwarta ɗaure a jikin bango, in an ɗauke wuta ta suma ba sallama. Ni na yi mata ado da koren rubutu a kan baƙin allo. Ni na koya mata haruffa masu lanƙwasa, har takardun cocinmu suka daina yi wa baƙi maraba da "baki". Amma bebiya ce, rani guda ina fama da ita. In sake haɗa ƙwayar manhajar don neman mata murya, ta yi mini tambayoyi kamar ɗan sanda, ta yi ta nishi daga safe har a sauke tuwon rana, sannan ta tashi shiru abinta. Mahaƙurci mawadaci. Ranar da ta fara ji da magana, na kai ta gaban Baba na ce ya faɗi wani abu na tarihi ta naɗa. Ya gyara murya, ya dubi madafa, ya ce:

"Maman Wilfred, ina kin sa tocila na? Mutum ba ya iya ajiye abu a gidan nan."

Abin da tarihi ya samu ke nan. Don tsokana na sa ya zama gaisuwarta in an kunna ta. Kafin Kirsimetin wannan shekarar, Baba ya tafi, tsokana kuma ta zama abin da ya rage mana. Hotonsa muna da shi, yana tsaye ƙiƙam da hular aiki. Murya dai a cikin Loko kawai take. Kowace safiya in mahaifiyata Scholastica ta dawo daga Misa a coci, sai ta ga ƙofar ɗakina tana buƙatar shara. Ni kuma in danna makunnin Loko. Baba bai kai ga "gidan nan" ba take amsawa:

"Yana wurin da ka bari shi."

Ta ja tsaki, ta wuce da tsintsiyarta, ranar ta yi mata kyau.

Ciwon ajali ya fara da wani ƙwas-ƙwas a ƙirji. Yau ta tashi, gobe ta ƙi. Da ta yi mako ba ta ce uffan ba, na kira Hussaini mai gyaran rediyo. Ya kara kunne a jikinta, ya girgiza kai.

"Malam Wilfred, faifan ciki ne ya gaji. In ta tashi sau ɗaya, kar ka nemi na biyu. Bari in kawo rakoda, mu kwashe Baba a kaset."

Ya kawo sabon kaset, ya manna rakoda a bakin lasifika. Muka kori kaji, muka rufe taga. Muka roƙi Mama ta yi shiru na minti ɗaya tak. Ta ce ita ba yarinya ba ce, har ta danne bakinta da bakin zane. Na danna. Marigayiya ta yi nishi, ta yi ƙwas, koren rubutu ya fara gangarowa. Sai ga shi: "Maman Wilfred, ina kin sa..."

"Yana wurin da ka bari shi."

Daga bayan zanen amsar Mama ta fito, da ƙarfinta kuwa. Loko ta yi ƙwas na ƙarshe, fanka ta tsaya. Da muka mayar da kaset baya, Baba ya samu kiran sunanta da rabin tambaya kawai, sauran duk Mama ce, har da tsakin. Ita ta saurara har ƙarshe, ta goge fuska, ta ce:

"Bar shi haka. Tun da mun yi aure bai taɓa gama magana ba."

Marigayiya ta bar wayar caji mai ɗaurin roba, da ledar faifai marayu, da firinta wadda dama ba sa jituwa. Ta bar ni, da na iya yarenta yanzu ba ni da wanda zan yi wa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da rana a gidanmu. Ba za a haƙa rami ba, za a kwantar da ita cikin akwatin ƙarfe na Baba, a ƙarƙashin gadon Mama, bisa umarninta. Romanus ya nemi allon, Mama ta ce ko sukurun jikinta ba na sayarwa ba ne. Akwai kunu da gwate, mai son nama ya zo da nasa. Masu ta'aziyya kada ku tsaya a ɗakina, ni kwamfuta na rasa. Ku wuce ciki ku gai da Mama, ita ce ta binne miji ɗaya sau biyu.