Jan Maɓallin Oga Sefti

Kachia ta yi sa'a. Daga nan har Gidan Waya babu wanda ya kai Mista Gilbert sanin tsaron lafiyar ma'aikata, shi da bakinsa ya gaya mana. Kwas ya je Kaduna, ya dawo siton citta da farar hular kwano, riga mai ƙyalli da usur a wuya. Ko coci da hular yake zuwa. Matan da ke tsince citta suka raɗa masa Oga Sefti, shi kuwa ya ɗauka sarauta aka ba shi.

Da can da takarda ake zagaya sito, a duba buhuna da tsani da tukunyar kashe gobara. Gwanin ya kwashe komai ya zuba a waya, ya ƙara mata jan maɓalli. Da zarar ya danna, sai wayar ta ɗauki hoton mai ganganci ta aika wa manaja a Kaduna. Dokar ma shi ya tsara: wanda hotonsa ya isa Kaduna, ya tattara ya tafi gida.

Don tsananin kula, ya kulle takunkuman hanci a ofis kada su yi datti. Sannan ya sa atishawa cikin alamun hatsari. A siton citta fa! Yemima, wadda da aikin nan take riƙe yaranta a makaranta, ta koma yini da ɗankwali a hanci, tana haɗiye atishawa har idonta ya yi ja. Ni dai ta ba ni tausayi.

Ranar ƙaddamar da jan maɓallin, tun safe Oga yake ɗaukar kansa hoto, ta gaba, ta gefe. Da mata suka taru, ya haye can saman tarin buhuna don kowa ya gan shi.

"Daga yau babu aksiden a sito na! Ni ina ganin hatsari tun bai tashi daga barci ba."

Ya buga ƙafa don maganar ta shiga. Ƙurar citta ta turnuƙe. Yemima ta riƙe, ta riƙe, abin ya ƙwace mata.

"Kai, madam! Na kama ka!"

Ya saita ta da waya, yatsa a kan maɓalli. Sai hancinsa ya motsa. Atishawar da ya saki har masu acaɓa a bakin titi suka waiwayo. Yatsa ya danna, buhu ya zame, Oga ya gangaro tim, usur na kuka a bakinsa.

Kyamarar kuwa tun safe fuskarsa take kallo.

Bai gama kakkaɓe riga ba saƙon manaja ya shigo. Hawayen citta ya hana shi gani, sai ya miƙa wa Yemima wayar, ita kuma ta karanta da ƙarfi kowa ya ji:

"Madalla, wayarka tana aiki. Ka bar hular a ofis."