Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Mai Sanƙo Kafin Matarka Ta Sayar da Kamarar

Matso kusa, ɗan'uwa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, rani ba zai wuce ba sai ka rataye hoton tsuntsu a bangon ɗakinka. Ni Sidek, aji uku na tsaya a makaranta, amma duk bakin kogin nan na Sarawak babu wanda ya kai ni kallon abin da babu ruwansa da shi. Dabarun kuwa an gwada su a kan maƙwabcina Jemat, kuma har yanzu yana raye.

Mataki na 1: Samo kamara, da wadda za ta tsane ta

Ta Jemat 'yarsa Halipah ce ta aiko masa daga birni, mai hanci kamar taɓarya. Ya yi ta ɗaukar sama, ruwa, da babban yatsansa. Sai matarsa Rokiah ta ce, "Baban Halipah, in yarinyar nan ta zo Sallah babu tsuntsu a cikin abin nan, wallahi injin wanki zai zama." Kai ma ka nemi irin wannan wa'adin. Gwaninta ba ta zuwa wa mai kwanciyar hankali.

Mataki na 2: Zaɓi tsuntsu mai daraja

Kada ka ɓata lokaci kan 'yan ƙanana masu gudu a bakin ruwa kamar an aike su. Nemi Mai Sanƙo: dogo, shiru, kai ƙwal, yana taka laka hannu a baya kamar hedimasta. Jemat shi ya zaɓa, don shi ma kansa haka yake. Sun ga juna sun gane juna.

Mataki na 3: Kada komai ya ɗauke maka hankali

Wannan ni ban taɓa iyawa ba. Akwai kifin da ke fita daga ruwa ya hau icce yana zare ido. Akwai ƙaguwa mai ƙaton hannu guda, wuni take tana ɗaga wa wani hannu, shi kuma bai taɓa amsawa ba. Akwai birin da hancinsa ke riga shi shiga ruwa. Na taɓa tunanin ko kifin nan gajiya ya yi da danginsa. Ka ga, har na manta da kai.

Mataki na 4: Zama laka

In ruwa ya janye, hau katakon masu tsintar kwanso, ka kwanta rub da ciki, ka tura da ƙafa ɗaya. Shafa taɓo har kunne. Sauro zai zo gaisuwa, ka karɓe shi da mutunci. Ni a kwale-kwale nake zama da kofin gahawa, don dole a samu mai ba da shawara.

Mataki na 5: Kiyaye bakinka

Ka san dai a kan ruwa ba a kiran sunan wancan. Yanzu a tudu nake, ƙafafuna a kan kujera, don haka zan faɗa sau ɗaya: kada, mai haƙoran nan na cikin ruwa. A ruwa kuwa Kaka ne, kamar yadda iyayenmu suka koya mana, kar ya ji sunansa ya ɗauka gayyata ce. Matsalar Jemat ita ce surukinsa, mahaifin Rokiah, shi ma duk gari Kaka ake ce masa, kuma aikinsa biyo Jemat bakin ruwa yana yi masa dariya.

Ranar jajibirin Sallah, Mai Sanƙo ya sauka gab da katakon Jemat. Ya tsaya. Ya juyo da ƙeya tana walƙiya. Ni kuma na hango wani gungume a bayan Jemat, gungumen ya ƙifta ido.

Na yi ƙasa da murya. "Jemat. Kaka ya iso."

"Ce masa ya koma gida, Kawu. Yau ba ni da lokacin surutunsa."

"Ba wannan Kakan ba!"

"Kaka nawa gare ni?"

"Mai haƙoran!"

"Ai surukina ba shi da ko..."

Nan ya waiwaya ya ga gungumen.

Mataki na 6: Danna, kada ka saki

Ban taɓa sanin mutum na iya gudu a kan taɓo ba. Jemat ya yi. Zaninsa, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, ya zauna a can, shi ya taho, yatsa a kan maɓalli, kamara na ta ƙyas-ƙyas-ƙyas, yana ihu, "Afuwa Kaka, wucewa nake!" Ya faɗo kwale-kwale ya zubar mini da gahawa. Wannan shi masana ke kira ɗaukar hoto cikin motsi.

Mataki na 7: Kare hotonka a gaban alƙalai

Da yamma aka taru a baranda. Hoton sama. Hoton gwiwa. Hoton cikin bakina. Sai ga wani: kai guda, santsi, ja-ja, da 'yan gashi a gefe.

"Ga shi!" in ji Jemat. "Mai Sanƙo!"

Rokiah ta kai fuska kusa. "Wannan ai kanka ne."

"Ta yaya zan ɗauki ƙeyata, Rokiah?"

"Mutumin da ya dawo gida ba zani, me ba zai iya ba?"

Halipah, da ta iso Sallah, tana ta dariya har da hawaye, ba ta da amfani. Aka miƙa wa tsohon, Kakan gida. Ya jujjuya kamarar, ya dubi hoton, ya dubi kan surukinsa, ya sake duban hoton, yana tauna dasashi.

"Tsuntsu ne," ya ce. "Kan Jemat bai kai wannan kyau ba."

Rokiah ta tashi ta ɗauko bahon wanki ta dire gaban mijinta. Kamarar ta zauna, hoton yana bango, wankin Sallah kuwa Jemat ne ya yi.

Gargaɗi

Ni Sidek babu hannuna cikin zanin da ya ɓace, auren da ya girgiza, ko ƙafar da ba ta dawo ba. Duk mai ƙorafi ya kai wa Kaka da kansa. Na gida yana baranda. Ɗayan kuma ba sai ka neme shi ba.