Tsalha Ya Zama Ma'aikaci

Shekara uku cur Tsalha na Tudun Maƙera ya yi yana karɓar tallafin marasa ƙarfi. Duk ƙarshen wata wayarsa za ta yi ƙara, dubu goma ta faɗo, wani lokacin a haɗa masa da 'yan kwanukan masara. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma matarsa Hansai ta san su kamar yunwar cikinta. A bakin zane take ƙulle su, ba ta kwance ƙullin sai da dalili mai ƙarfi, kuma da haka suke kai wata su da 'ya'yansu uku. Ban da wannan, talauci ma yana da nasa gatan. Mai gidan haya ba ya matsa masa, mahaucin bakin titi kan jefa masa ƙashin miya kyauta, in kuwa ana karo-karo a unguwa sai a tsallake ƙofarsa a ce a bar bawan Allah ya ji da kansa.

Ana nan sai wani abokinsa na ƙuruciya ya samo masa aikin awon buhuna a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan gari, albashi dubu arba'in da biyar. Ranar da aka ba shi shuɗiyar riga mai tambarin kamfani da katin shaida na ratayawa a wuya, Hansai ta ba shi shawara ya riƙa ninke su a leda in zai dawo, ya kuma shigo ta lungu. Tsalha ya ce wanda Allah ya ɗaga ba ya tafiya a sunkuye. Ta babban titi ya biyo, ya tsaya a kowace majalisa ya yi gaisuwa, har da mutanen da rabonsa da su tun suna 'yan makaranta. Kafin magariba babu wanda bai san Tsalha ya zama ma'aikaci ba.

Albashin farko kuwa, tun kafin ya shigo Tsalha ya riga ya kashe shi a ka sau uku. Da ya shigo ɗin, bai zarce gida ba sai da ya biya kasuwa. Ya sayi agogon hannu, don a ganinsa ma'aikaci ba ya tambayar mutane lokaci. Ya sayi baƙin tabarau, ko da yake cikin sito yake yini inda ko rana ba ta leƙawa. Sannan ya saɓo fanka ta tsaye a kafaɗa, alhali rabon layinsu da wutar lantarki tun kafin azumi. Hansai ta ƙare wa fankar kallo. Washegari ta shanya wandunan yara a kanta.

Daga nan sai abubuwan da bai taɓa sa wa a lissafi ba suka fara leƙowa. Zuwa aiki da dawowa a adaidaita-sahu kullum kuɗi ne. Abincin rana a bakin kamfani kuɗi ne, kuma ya ga bai kamata mai agogo ya ci garau-garau babu nama ba. Mai gida ya zo ya taya shi murna, ya daɗe yana sa albarka, da zai tafi ya sanar da shi haya ta ƙaru. Mahauci ya koma kiransa Yallaɓai, ya kuma daina jefa ƙashi, sai dai ya ɗauko wuƙa ya tambaya na nawa za a yanka. Kwamitin gyaran kwalbati ya sa sunansa na biyu a jerin masu ba da gudummawa, daga na Alhaji mai gidan mai sai nasa. Ƙanwarsa ta haihu, aka ce ragon suna na babban yaya ne. Wani kawunsa ya taso daga ƙauye wai zai ga likitan ido kwana ɗaya, ya shimfiɗa buzu a zaure, ido ya warke amma buzu bai naɗu ba.

Ranar sha biyu ga wata albashi ya ce ga garinku nan. Suka lallaɓa da 'yan canjin da Hansai ta ɓoye har zuwa ashirin, sannan ta kira shi madafa, ta buɗe masa bokitin gari ya leƙa, ya ga ƙasansa fes.

Ta ce, "Malam, lokacin da muke matalauta sau uku muke ci. Yanzu da muka yi arziki, ga tukunya can a kife."

Abin ya tsaya wa Tsalha a rai. Kwana goma suka rage kafin wani albashin, ga yara, ga kawu wanda ba ya wasa da loma. Yana cikin wannan tunani ya ji ana shela cewa ranar Alhamis za a tantance masu karɓar tallafi a filin makarantar firamare, duk wanda aka samu sunansa za a biya shi nan take. Shi kuwa bai taɓa zuwa ya ce ya samu aiki ba, don haka sunansa na nan daram. Ya ce a ransa wata ɗaya tak zai ƙara, don ya tsallaka, daga nan ya tuba.

Ranar Alhamis da hantsi ya ɗaure haɓa da hankici, ya je wa shugaban sito da kukan ciwon haƙori, aka ba shi awa biyu. Bai samu lokacin sauya kaya ba, sai ya biya gida ya zaro wata tsohuwar riga mai yage-yage daga ƙarƙashin katifa, ya zura ta a kan ta kamfani. Ya cusa katin shaida ciki, ya ɓoye agogo a cikin hula, ya shafa ƙura a ƙafa. Kafin ya isa filin har ya koyi ɗingishi, sai dai yakan manta wace ƙafar ce mai ciwon.

Layi ya yi tsawo, rana ta take, ga riga biyu a jiki. Gumi ya riƙa tsiyaya har tsohuwar da ke bayansa ta tausaya, ta ce a bar mara lafiyan nan ya wuce gaba. Haka aka tura shi har gaban teburi, inda wani jami'i mai suna Malam Nuhu yake zaune da taye a wuya da babban littafi a gabansa. Ya tambaye shi ko ya samu wata sana'a tun tantancewar bara. Tsalha ya langaɓar da kai, ya yi tari sau biyu, ya ce ina fa, sai dai godiyar Allah. Jami'in ya nuna masa inda zai dangwala yatsa.

Sunkuyawar da zai yi, hula ta zame, agogo ya faɗo tsakiyar littafi. Ya kai hannu da sauri zai cafke, tsohuwar riga ta ƙarasa yagewa daga wuya har ciki, tambarin kamfani ya fito ɓaro-ɓaro. Tsalha ya yi maza ya ce ai gwanjo ce, a kasuwa ya tsinta. Bai rufe baki ba katin shaida ya zazzago yana lilo, ga hotonsa a jiki yana washe haƙora talatin da biyu.

Da ya ga babu mafita, sai ya faɗi gaskiya. Ya ba da labarin haya da rago da kawu da bokitin gari, ya roƙi a yi masa na wannan watan kawai. Fankar ce kaɗai bai ambata ba.

Malam Nuhu bai yi faɗa ba. Ya gyara taye, ya ɗaga murya yadda duk layin zai amfana, ya ce matsalar mutanenmu rashin tsari ce. Albashi, in ji shi, kamar akuya ne, in ba ka ɗaure shi tun ranar farko ba sai ya shiga gonar mutane. Mai hankali yakan raba shi gida huɗu, na ci, na haya, na ajiya, da na ko-ta-kwana, kuma ba ya cin bashi ko na allura. Ya ce shi da suke gani shekararsa sha ɗaya yana aiki, wata bai taɓa ƙare masa a hanya ba. Yana gama jawabi ya ɗora rula, ya ja jan biro a kan sunan Tsalha tun daga farko har ƙarshe.

Bai ɗaga biron ba wata mata mai ƙiba ta ratso layi, ta dire kular abinci a gefen teburi. Tabawa ce, mai sayar da shinkafa da wake a bakin ofishin su Malam Nuhu. Ta ce sau uku tana zuwa nemansa ana ce mata ya fita aiki, shi ya sa yau ta biyo aikin. Kuɗin abincin sati bakwai take so, har da na ƙwai biyu-biyu da yake sa wa a ɗora masa. Malam Nuhu ya yi ƙasa da murya ya ce ta yi haƙuri sai an yi albashi. Ta ce haka ya faɗa wancan albashin, kuma yau ƙafarta ƙafarsa. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya fito da naira ɗari biyu da takardar kyamis.

Tsalha ya ɗauki agogonsa ya ɗaura, ya kakkaɓe hula ya kafa. Sannan ya tuɓe abin da ya rage na tsohuwar rigar, ya ninke ta a hankali, ya ajiye a gaban jami'in.

Malam Nuhu ya ɗago a fusace ya ce, "Wannan kuma na mene ne?"

Tsalha ya ce, "Ranka ya daɗe, gurbin nan nawa da ka goge, kada ka bari ya huce. Rubuta sunanka a wurin, ga riga na ara maka."