Ki Yi Ni A Tsaye

A wani daji da ke tsakanin tsauni da fadama, an yi wata beguwa mai suna Kandala, wadda Allah ya hore wa sana'ar da ba a gada a gidansu ba. 'Yan'uwanta suna tanadin ƙayoyinsu don ranar faɗa, ita kuwa ta mai da nata allurar aiki. Takan ɗebi ulu, wato gashin nan mai laushi da ake aske wa tumakin tsauni, ta dunƙule shi, ta zare ƙaya ɗaya daga bayanta, ta yi ta cakawa tana juyawa. Tun ulun yana sako-sako kamar auduga har ya haɗe jikinsa, ya ƙanƙance, ya yi tauri. Aiki ne na mai haƙuri. Sannu a hankali sai ga kunne, sai ga hanci, sai ga ɗan zomon da bai wuce girman mangwaro ba, kai ka ce yanzu zai zabura. Tana yin tuntaye da ƙwallayen wasan yara ma, amma 'yan tsanan dabbobi su suka fitar da sunanta.

Wadda ta fara ba ta ulu wata tsohuwar tunkiya ce mai suna Tabawa. Daga gashin wuyanta ta tsinko mata, tun lokacin da kowa ke cewa Kandala ɓata ƙaya kawai take yi. Tun daga ranar Kandala ba ta kiranta da komai sai Yaya.

Tabawa ce wakiliyar tumaki a majalisar dajin, wadda ke zama a gindin wata kuka, kowane jinsi da dutsen zamansa. Damisa ce shugaba, Dila ne mai kawo magana, Kura kuma ita aka danƙa wa tsaron hanya. Majalisar tana da wata al'ada tun kaka da kakanni. In an kawo magana, shugaba takan ce, "Akwai mai ja?" Wanda ya yarda sai ya ci gaba da zamansa, domin shiru ma magana ce. Wanda bai yarda ba sai ya miƙe tsaye, kuma muddin akwai mai tsayuwa ko da ɗaya ne, maganar ba ta wucewa sai an rarrashe shi ya zauna da kansa. Wannan al'ada tana cin lokaci, kuma Damisa ba ta da lokaci mai yawa, musamman kafin ta ci abinci.

Ana nan sai tsohon Kunkuru ya rasu. Shi kam ya fi kowa yawan tsayuwa, ga shi kafin ya gama miƙewa rana ta take, kafin ya gama zama ta yi sanyi. Kandala ta ga dutsensa wayam, abin ya taɓa mata zuciya, sai ta yi ɗan kunkurun ulu ta ɗora a kai. Wallahi ba da wata manufa ta yi ba, tausayi ne zalla. Duk wanda ya gani sai da ya share hawaye. Amma a ranar aka kawo magana, Damisa ta ce, "Akwai mai ja?" Ido ya koma kan dutsen Kunkuru bisa sabo, aka ga Kunkuru zaune lafiya lau. Aka tashi da wuri.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A zama na gaba Dila ya gyara murya ya ce, "Ranki ya daɗe, jama'a, mutuwa riga ce, ba wanda ba zai sa ba. Bai kamata mu ɗora wa dangin mamaci nauyin neman sabon wakili alhali idonsu bai bushe ba. Shawarata ita ce, duk wanda ya riga mu, a yi masa 'yar tsana irin wannan ta riƙe masa dutse har danginsa su gama makoki. Makoki kuwa, kun sani, ba a yi masa gaggawa."

Ba wanda ya tashi. Wa zai ja da girmama mamaci? Har yanzu da nake ba ku labarin nan, dangin Kunkuru ba a sanar da su cewa sun gama makoki ba.

Daga nan aiki ya buɗe wa Kandala. Barewa ta rasu, aka yi mata. Gafiya ta rasu, aka yi mata. Wata rana Dila ya zo ƙofar raminta ya ce a fara ta Zomo, wai ba ya jin daɗin jikinsa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kandala ta yi mamaki, don jiya ta ga Zomo yana tsalle a fadama, shekaranjiya kuma ya tsaya a majalisa kan maganar rabon ruwa. Amma ta yi aikin, ta kuwa ƙawata shi. Da ta gama, Zomo ya fita kiwo bai dawo ba. Kura ta ce ta yi iyakar bincikenta, kuma kowa ya shaida ta wahala, don har ƙiba ta yi saboda zirga-zirga.

Ba zan ce Kandala ba ta yi zargi ba. Ta san ruwa ba ya tsami banza. Amma yabo yana da daɗi, kuma duk wanda ya taɓa jin an ce aikin hannunsa ba shi da na biyu ya san yadda yabo ke toshe kunne. Takan ce wa kanta, ni dai caka ulu nake yi, ban caki kowa ba.

Su manyan majalisa kuwa sun ɗanɗana zama a kan shimfiɗar ulu, sun ji ba kamar dutse ba. Ga 'yan tsana suna ƙaruwa, ga tuntayen ado da kowane babba ke so a rataya masa a wuya. Ulu ya yi kaɗan. Tumaki dama sau ɗaya ake musu aski, bayan sanyi ya wuce. Sai Dila ya kawo magana cewa a ƙara aski na biyu kafin sanyi ya shigo, kuma a haɗa har da 'yan raguna, tunda nasu ya fi laushi.

"Akwai mai ja?" in ji Damisa.

Tabawa ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ba mu taɓa hana majalisa gashinmu ba. Shekara da shekaru muna bayarwa, ba mu nemi ko na gode ba. Amma gashin da ke jikinmu kafin sanyi ba ado ba ne, bargo ne, kuma ba mu da wani. Mu manya ma iya jurewa, mun saba da wuya. 'Yan ragunan da aka haifa bana kuwa, in aka aske su a kan tsaunin nan, ba za su ga bazara ba. Ina roƙon majalisa ta zauna a kan dutse na ɗan lokaci, kamar yadda iyayenmu suka zauna ba su mutu ba. Ban yarda ba, kuma ba zan zauna ba."

Aka rarrashe ta, ta ƙi. Aka sake zama, ta sake tsayawa. Sauran masu rai suka sunkuyar da kai, kowa yana satar kallon dutsen Zomo, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ba a daɗe ba Dila ya bayyana a ƙofar Kandala da fara'arsa. Ya ce, "Gwanar gwanaye, majalisa tana so ta karrama Tabawa. Tsufa ya kama ta, kin ga ko zama ba ta iya yi."

Kandala ta ji kamar an zare mata ƙayoyinta duka lokaci ɗaya. Yana juya baya ta kama hanyar tsauni, ta tarar da Tabawa tana tuƙa a inuwa, 'yan raguna suna tsalle-tsalle kewaye da ita. Ta faɗa mata komai, har da maganar Zomo, tana kuka.

"Yaya, ki gudu. Ki haye tsaunin nan yau, kada ki waiwayo. Ni kuma na rantse ba zan taɓa aikin ba."

Tabawa ta dubi 'yan ragunan. Sannan ta ce, "In na gudu, Kandala, sai su ce na rasu, su ɗora abin a dutsena. In kin ƙi yi, ai na ji Bushiya ta koyi sana'ar, ita za ta yi. Ko ta wace hanya dutsen nan sai ulu ya hau shi. Tambaya ɗaya zan yi miki. Abin nan naki, in ya yi tauri, ana iya lanƙwasa shi?"

"Ba a iyawa, Yaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ulu ya haɗe, sai dai a yayyaga shi."

"To ki yi ni. Ki yi ni da kyau, kowa ya gane ni ce. Amma ki yi ni a tsaye." Ta miƙa wuya. "Tsinki daga nan, inda kika fara."

Kandala ba ta taɓa jan aiki kamar wannan ba. Ta san muddin ba ta gama ba, Yayarta tana numfashi. Takan caka sau ɗaya ta ajiye, ta ce haske bai isa ba, ta ce ƙayar ta dakushe. Amma sana'ar ba ta san ƙarya ba: kowace caka sai ta ƙara wa ulun tauri, kuma ba ya komawa baya. Ƙafafun nan huɗu ta fi daɗewa a kai, ta cake su har suka zama kamar tsinken kara. Dila yana zuwa yana komawa, tana cewa saura kaɗan, tana rufe aikin da ganye. Ranar da ya ce mata, cikin ladabi, Bushiya ta kusa gama tata, Kandala ta ce, "An gama."

Tabawa ta sauko shan ruwa da hantsi, ba ta koma ba. Kura ta sake yin bincike.

Ranar zama Kandala ta kawo aikin a naɗe, ta ɗora a kan dutsen Tabawa, ta yaye ganyen. Ga Tabawa nan, 'yar mitsitsiya, da furfurar haɓarta da kunnenta ɗaya da ya tsage, ƙafafu huɗu a kafe, kai a ɗage. Damisa ta yi wa Biri inkiya, ya je ya danna, ya murɗa, ya hau ya zauna a kai. Yana sauka ta koma yadda take.

Dila ya daure ya kawo maganar askin. "Akwai mai ja?" in ji Damisa, murya ƙasa-ƙasa.

Gauraka, wanda bai taɓa buɗe baki a majalisa ba, ya ce, "Ranki ya daɗe, Tabawa tana tsaye."

Guna-guni ya tashi. Waɗanda suka daɗe da sunkuyar da kai suka fara ɗagowa. Kandala, daga can bakin fili inda 'yan kallo ke tsayawa, ta ji zuciyarta ta yi sanyi a karo na farko. Ta ce a ranta, Yaya, ba a banza ba.

Dila ya zagaya dutsen a hankali, ya dube shi sama da ƙasa, sai ga hawaye. Ya ce, "Allahu akbar! Jama'a, ku dubi tarbiyya. Baiwar Allah nan, ko bayan ranta ba ta yarda ta zauna a gaban shugaba ba. Ashe duk tsayuwar da take yi mana girmamawa ce, mu ne ba mu fahimta ba. Kaico, mun zalunce ta da mummunan zato! Mu da muke da rai, ba mu ji kunya ba, mamaciya tana tsaye muna zaune? Shawarata ita ce, daga yau wanda ya zauna ya yarda kamar yadda muka gada, wanda ya tsaya kuma ya yarda tare da girmamawa. Ku tashi mu karrama Tabawa!"

Kura ta fara miƙewa, tana waige-waige don ta ga wanda ƙafarsa ke ciwo. Ba a sami ko ɗaya ba. Gauraka ma ya tashi. Maganar aski ta wuce ba hamayya, kuma aka sa mata sunan Tabawa don tunawa da ita.

Da aka watse Kandala ta matsa ta roƙi a ba ta 'yar tsanar ta tafi da ita gida. Dila ya ce ba zai yiwu ba, 'yar majalisa ce, tana bakin aiki.

Sanyi ya shigo da ƙarfinsa a shekarar. Wata safiya birai suka sauke dami-damin ulu a ƙofar raminta, da saƙon cewa a sake yin Kunkuru da Zomo da sauran, su ma a tsaye, don majalisa ta yi kyan gani. Kandala ta sa hannu a cikin ulun. Gajere ne, mai laushi, mai 'yan nannaɗe-nannaɗe, irin wanda ba a taɓa askewa ba sai wannan karon. Ta saurara ko za ta ji kukan 'yan raguna daga tsauni, ba ta ji ba. Ta zauna a wurin ta yi kukan da ba ta taɓa yin irinsa ba, na Yayarta, da na Zomo, da na hannunta da ya iya aiki. Ba ta ƙara zare ƙaya ba har ta bar duniya. Aikin ya koma hannun Bushiya, wadda ba ta kai ta gwaninta ba, amma ba wanda ya yi ƙorafi, tunda an daina duba kama.

Matafiya sun ce har gobe babu majalisar da ta kai ta gindin kukar nan haɗin kai. Kowane dutse da wakilinsa, ba a makara, ba a faɗa, ba a ɗaga murya. Abu ɗaya ne kawai ke hana Damisa barci, shi ne asu mai cin ulu.