Jarkar Albarushi

Wani Bature abokin aikina, ɗan Pleasant Garden, wani ƙauye kusa da inda muke zaune a nan ƙasar waje, shi ya koya mini farautar barewa da ɗura wa harsashi albarushi da hannuna. Da na tashi sayen albarushi ta intanet, sai ga wani caji, ƙarin kuɗi wai na kaya masu haɗari. Ko cokali ka saya ko buhu, cajin ɗaya ne. Na ce ni za a yi wa wayo, ni da na tashi a kasuwa? Na zaɓi jarka mafi girma, da kuɗin da matata ta ware don tayoyin motarta.

Baturen ya duba jarkar ya ce, "Wannan albarushin ba irin na bindigarka ba ne. In ka ɗura shi, da fuskarka zai tafi." Kamfanin da suka sayar mini kuma suka ce ba a mayar da albarushi.

Matata Hajiya ta ce, "Malam, abin nan ba zai kwana gidana ba." Na kai wa Baturen kyauta, na ci bashi na sayi tayoyin.

Har yau in na shiga shagon nama a nan garinmu, Gate City, sai mai shagon ya ɗaga murya: "A kashe murhu, Sarkin Albarushi ya iso!"