Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Ƙarƙashin Bene

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Shifa Sha'aban ta Small Heath nake sanar da dangi na Birmingham da Manchester rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar gidanmu. Ta cika ranar Talata da hantsi tana da shekara goma sha huɗu, jirage bakwai suna sama suna jiran izinin sauka.

Abba ne ya kawo ta lokacin PhD ɗinsa. Da ya gama, aka yi mata ritaya a lungun bene kusa da hoover, injin share ƙura. Wasa ɗaya ya rage a cikinta: kai ne a hasumiyar filin jirgi, kana gaya wa matuƙa su sauko, su juya, ko su dakata.

Marigayiya ta sha gori. Yaya Falalu yana da irin wasan a console ɗinsa, na'urar wasan bidiyo, a Manchester, gajimare kamar ka taɓa, har da ruwan sama a gilashi, amma maɓalli kawai kake dannawa. A tablet ɗin ƙanwata Ramlat layi kake ja da yatsa, jirgi ya biyo ka kamar akuya a igiya, in biyu suka yi karo talla ta fito. Laptop ɗin Abba ma ya gwada, jirgi na huɗu yana shigowa ya fara haki. Gwaggo baƙin allo gare ta da ɗige-ɗige kore, shi ke nan. Sai dai ita da baki ake ba ta umarni, ta mic. Kuma kurma ce.

Kun san ni. In baƙi suka zo, kitchen nake shigewa. In GP, likitanmu, ya kira, Umma nake miƙa wa waya. Ranar farko na raɗa wa Gwaggo umarni, ta ce, "Say again." Na sake. "Say again." Jirgin ya wuce abinsa.

Shekara biyu muna haka, kullum da safe bayan kowa ya fita. Ba ta taɓa ƙarasa min magana ba, ba ta taɓa cewa a ƙyale ni kunya gare ni ba. Ranar da ta fara cewa "Roger", wato ta ji ni, maƙwabciyarmu Bethany ta buga bango. Ita ce mutum ta farko a duniya da ta nemi in rage murya.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Tari a fanka, sai allo ya koma shuɗi. Mai gyara a Coventry Road ya buɗe cikinta, ya duba, ya mayar da murfin a hankali.

Ta bar keyboard marar harafin E, mic ɗaure da salatif, jiragen nan bakwai, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar ƙarfe goma a tip, wato jujin council. An yi booking, a boot ɗin motar Abba za a ɗauke ta. Form ɗin karatun pharmacy da Abba ya ajiye min a kanta wata uku da suka wuce, a cire shi tukuna. Ban cike shi ba. Wani na cike, na horon masu kula da zirga-zirgar jirage, kuma sun kira ni gwaji a Manchester ranar Litinin. Yaya Falalu, don Allah ka tarye ni a tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly ƙarfe tara.

Abba, Umma, sau uku na fara faɗa muku a wajen cin abinci. Kuka tambaye ni me na ce, na ce ba komai.

Za a karɓi gaisuwa a falo bayan la'asar ɗin Asabar. Ba sai an kawo abinci ba. Ni zan zauna a gaba, ba a kitchen ba, kuma duk wanda bai ji ba, zan maimaita masa da baki.