Baba, Kana da Shawara?

Asibitin da nake karɓar maganin hawan jini a Daura zai fara duba marasa lafiya ta bidiyo daga gida, sai aka haɗa mu a waya don jin ra'ayinmu. Na sa babbar riga, na ce matata ta zauna ta ga yadda manya ke magana da likita.

Da aka zo kaina, likitar ta ce, "Baba, kana da shawara?"

Na matso da wayar, na gwale ido da yatsa. "Wallahi babu, likita. Duba, fari tas. Ko fitsarina bai canja ba."

Ashe ba ciwon shawara take nufi ba, kuma kowa yana kallo.

Har yau in na buɗe baki a majalisa, sai a ce, "Ku ƙyale Alhaji, ba shi da shawara. Da kansa ya rantse."